KAFIN A SAYO KWAMFUTA, A DUBA HALIN OFIS

 

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, yau maganarmu a kan wurin aiki ce: ofis, makaranta, asibiti, sakatariyar ƙaramar hukuma, har da Islamiyyar unguwa da kwamitin masallaci. Tambayar ita ce: me ya sa za ka ga ma'aikatu biyu an raba musu kwamfuta iri ɗaya, an sa ma'aikatansu a kwas iri ɗaya ta intanet, ɗaya ta amfana har aikinta ya canja, ɗayar kuwa bayan 'yan watanni kwamfutocin suna kulle a kabad, mabuɗin yana aljihun oga? Laifin wa ne? Na ma'aikacin da bai yi karatun ba, ko na wurin da yake aiki?

Mu mutanen wannan kusurwa ta Jigawa ba baƙin fasahar zamani ba ne. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe makarantar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure, wadda kowa ya fi sani da Informatics. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ita ma a Kazaure. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a nan Babura. Karatun ma ya riga ya biyo mu har wurin aiki. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, bita da tarurruka suka koma Zoom. A Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin darussa na Nigeria Learning Passport. Yau malamin firamare a Roni, ko ma'aikaciyar lafiya a Gwiwa, za a iya turo musu saƙo a WhatsApp a ce ga kwas nan, a yi rajista kafin Juma'a.

Duk lokacin da abin ya ƙi tafiya, amsar da muke bayarwa ɗaya ce: babu wuta, babu data, babu netwok. Zan dawo kan wannan, domin gaskiya ce. Amma akwai abin da ya riga shi, wanda ba ma son a taɓa.

A ɗakin bita akwai abubuwan da suke riƙe mutum: idon mai koyarwa, idon abokan zama, takardar sa hannu, kunyar a ga ka tashi ka fita. Karatu ta intanet ya cire waɗannan duka. Daga kai sai wayarka, kyamara a kashe, babu wanda ya san ko kana sauraro ko kana cinikin akuya a kasuwa. To idan aka ɗauke idon mutane, abin da zai rage shi ne halin da wurin aikinka ya saba maka da shi. Kuma halin ofis ba shi ne abin da aka rubuta aka liƙa a bango ba. Shi ne abin da sabon ma'aikaci yake ganewa a watansa na farko ba tare da kowa ya gaya masa ba: wa ake yabo, wa ake yi wa dariya, wane laifi ake kau da kai a kansa. A fahimtata wannan hali yana bayyana a wurare huɗu.

NA FARKO: ANA IYA CEWA "BAN SANI BA"?

Duk wanda ya taɓa yin kwas ta intanet ya san cewa abin da yake tsayar da mutum yawanci ƙaramin abu ne. Ka manta lambar sirri. Bidiyo ya ƙi buɗewa. Ba ka gane inda za ka tura aikin da aka ba ka ba. Minti biyu ya isa a warware maka idan ka tambaya. Amma idan kana ofishin da tambaya take jawo raini, inda za a ce "au, duk digirin nasa bai iya wannan ba?", to shiru za ka yi. Mako ɗaya ya wuce, biyu su wuce, sai ka bar kwas ɗin, idan an tambaye ka ka ce netwok ne.

Magabatanmu ba haka suka ɗauki rashin sani ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba a Madina. Mujahid, ɗalibin Ibn Abbas, ya nuna cewa mutum biyu ba sa samun ilimi: mai kunya da mai girman kai. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addininsu ba. Bahaushe ma ya ce mai tambaya ba ya ɓata.

Sai dai ka lura, ma'aikaci ba zai fara wannan shi kaɗai ba. Ranar da hedimasta ko darakta ya ce a gaban kowa "ni ban gane wannan ba, wa zai nuna min?", ranar ce sauran za su san cewa tambaya ba abin kunya ba ce a nan.

NA BIYU: BABBA ZAI IYA ZAMA A GABAN YARO?

Fasahar zamani ta zo mana da wani juyi da ba mu saba da shi ba. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa, ko ƙaramin akawun da aka ɗauka bara, ya fi mai shekara talatin a bakin aiki sanin na'urar. Mu kuwa al'adarmu ta girmama na gaba ce, kuma al'ada ce mai kyau, addini ma ya ƙarfafa ta. Gaskiya ne abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma wannan a kan sanin rayuwa ne da sanin mutane. Bai hana yaron ya san inda ake dannawa ba.

Abdurrahman bin Auf yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, ya girmi Ibn Abbas nesa ba kusa ba, amma ya tabbata a Bukhari cewa Ibn Abbas yana karantar da shi Alƙur'ani. Sayyidina Umar yana shigar da Ibn Abbas majalisar dattawan Badar alhali sa'an 'ya'yansu ne. Bayan yaƙin Badar ma, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da ba su da kuɗin fansa an sa su koya wa yaran Ansar rubutu. Waɗanda suka zo yaƙar Musulmi kenan, amma ba a ƙi karɓar abin da suka iya ba. A zamaninmu kuma, ko me ra'ayinka a kan siyasarsa, Obasanjo bayan ya sauka daga mulki ya shiga jami'ar karatu daga nesa ta NOUN a matsayin ɗalibi har ya kai ga digirin digirgir. Gemu ba ya hana ilimi.

A nan laifi gida biyu ne. Akwai babban da girman kai ya hana shi zama ya koya, sai ya ɓuge da kushe abin gaba ɗaya, ya ce aikin yara ne. Akwai kuma yaron da ya iya, amma ya mai da iyawar makami: ko ya riƙa nuna wa dattijo gazawarsa a gaban mutane, ko ya ɓoye abin da ya sani don a ce in ba shi ba babu wanda zai iya. Kai matashi da Allah Ya ba ka wannan fasaha, ka sani ɓoye ilimin da mutane suke bukata abin zargi ne. Ka ja babanka gefe, ka ce "Ranka ya daɗe, bari in nuna maka," ka maimaita masa sau biyar ba tare da ka ɓata fuska ba. Shi ma sau nawa ya maimaita maka yadda ake rubuta wasiƙar ofis?

NA UKU: KARATU AIKI NE KO SATAR LOKACI?

Sayyidina Umar yana zaune a unguwar Banu Umayya bin Zaid, a gefen Madina da ake kira Awali, da ɗan nisa daga masallaci. Shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare suka yi tsari: yau wannan ya je majalisar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, gobe wancan ya je. Wanda ya je zai dawo ya ba ɗan'uwansa labarin abin da aka saukar da abin da ya faru. Imamul Bukhari ya ware wa wannan karɓa-karɓa babi guda a cikin Kitabul Ilmi. Ka ga mutum biyu masu hidimar rayuwa, ba su bar neman abinci ba, ba su bar neman ilimi ba, sai suka yi wa lokaci tsari.

Yanzu ka kwatanta da abin da muke yi. A turo kwas, oga ya ce kowa ya yi, amma ba a rage wa kowa aiki ko na awa ɗaya ba. Idan aka ga ma'aikaciya da abin sauraro a kunne sai a ce hira take yi a waya. Sai a ce ai abin intanet ne, ku yi a gida. To wane gida? Namiji wataƙila ya samu awa ɗaya bayan Isha'i. Ita kuwa malama ko nas, tana tashi daga aiki tukunya tana jiranta, yara suna jiranta, ga miji, ga baƙi. Duk ma'aikatar da ta ce "ku yi a gida" ta riga ta cire yawancin matanta daga karatun, ko ta sani ko ba ta sani ba. Gobe kuma idan aka zo ƙarin girma a ce ba su da takarda.

Ma'aikatar da ta shirya ita ce wadda za ta ce: ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, wance tana karatu, wance ce za ta riƙe mata aji ko ɗakin marasa lafiya, mako mai zuwa a juya. Wannan ba ya bukatar ko sisin kwabo. Abin da yake bukata shi ne shugaban da ya yarda cewa karatun ma'aikaci wani ɓangare ne na aikinsa, da abokan aikin da ba sa ƙyashin juna.

NA HUƊU: ME AKE NEMA, ILIMI KO TAKARDA?

Nan ne wurin da ya fi ciwo. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a wurare da yawa bita ta daɗe da zama hanyar samun alawus. Idan aka ce za a tafi Dutse ko Kano kwana uku, ba wanda aikin ya shafa ake turawa ba, na kusa da oga ake turawa. Ya je, ya sa hannu, ya karɓi ambulan da jaka, ya dawo, babu wanda zai tambaye shi me ya koyo. To da bitar ta koma waya, babu kuɗin mota, babu na masauki, sai sha'awar ta mutu. Intanet ba ta kashe son ilimi ba, ta dai nuna cewa tun farko ba ilimin ake bi ba.

Daga nan sai dabaru su shigo. A kunna darasi a ajiye waya a tafi harkar gaba. A ba yaro lambar sirri ya danna har ƙarshe. Mutum ɗaya ya amsa tambayoyi ya watsa amsar a guruf kowa ya kwafa. Satifiket ya fito da sunanka, a saka a fayil.

Ɗan'uwa, wannan ƙarya ce da ha'inci, kuma babu malamin da ya halatta ha'inci. Takardar nan shaida ce kake bayarwa cewa ka san abu kaza. A kanta za a ƙara maka matsayi, a kanta za a ƙara maka albashin da za ka ciyar da iyalinka. Sannan ka duba wanda zai biya kuɗin wannan ƙarya. Ungozomar da takarda ta ce ta yi kwas kan yadda ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa, alhali ƙaninta ne ya danna mata, ranar da aka kawo mai naƙuda daga ƙauye cikin dare takardar ba za ta tsinana komai ba. Malamin da aka ce ya koyi sabuwar hanyar koyar da karatu, yaran ajinsa ne za su gama firamare ba su iya haɗa baƙi ba.

Shi ya sa nake ganin karatu ta intanet jarrabawa ce ta abin da malamai suke kira muraƙaba, wato mutum ya san Allah Yana ganinsa ko babu kowa. Amma kar mu ɗora wa ma'aikaci shi kaɗai. Idan ya ga wanda ya yi da gaske da wanda aka danna wa duk takarda ɗaya suka samu, ƙarin girma ɗaya, kuma babu ranar da aka tambayi ɗayansu ya nuna abin da ya koya, to ofishin ya koya masa darasi, kuma ya ɗauka.

TO TALAUCI FA?

Wani zai ce: Malam, kana magana kamar ba a ƙasar nan kake ba. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 Naira 70,000 ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wuta sai an ga dama, caji ma biya ake yi. Da me mutum zai kalli bidiyon awa biyu?

Wallahi wannan magana ce mai nauyi, kuma ba a ture ta da wa'azi. Ma'aikatar da ta wajabta kwas ta bar ma'aikaci ya sayi data daga kuɗin cefanensa ta zalunce shi. Amma ka ga wannan ma ai halin ofis ne. Wurin da ake samun kuɗin buga kyallen maraba da na lemon taro, amma babu na data ko ƙaramin sola na caji, ba rashin kuɗi ne yake damunsa ba, abin da ya ɗauka da muhimmanci ne ya nuna.

Ta ɗaya gefen kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayar da muke cewa babu data a cikinta ita ce muke kallon ƙwallo da TikTok da ita har tsakar dare. Karatu daga nesa kuma bai fara da intanet ba. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, kuma malamai da yawa a ƙauyukanmu ta nan suka samu NCE, da littattafan da ake raba musu da haɗuwar ƙarshen mako, suna karatu da fitilar ƙwai. Kafin su, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: jajoji suna zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu. Babu wuta, babu mota. Abin da suke da shi tsari ne, da amana, da jama'ar da take ganin girman ilimi.

AI ILIMI DAGA BAKIN MALAMAI AKE ƊAUKA

Wannan ita ce hujja ta biyu, kuma ɗaliban ilimi ne suka fi kawo ta. Tana da gaskiya. Ba ka gyara makhrajin harafi ba tare da wanda zai saurare ka ba, kamar yadda ba ka koyon yin allura daga bidiyo kaɗai. Akwai kuma ladabin da ake ɗauka daga zama da malami wanda waya ba ta bayarwa. Sai dai idan ka duba da kyau, wannan hujja ƙarfafa maganarmu take yi. Tunda malamin yana nesa, dole na kusa su cike gurbin: abokan aiki su zauna su yi muraja'a tare, wanda ya gane ya gyara wa wanda bai gane ba, na sama ya duba ko abin ya shiga aiki. Haka jajojin Nana Asma'u suka yi, haka Umar da maƙwabcinsa suka yi. Wurin da ma'aikata ba sa magana da juna sai gulma, wa zai yi wa wani muraja'a?

TO LAIFIN WA NE?

Kowa yana da rabonsa, amma na shugaba ya fi nauyi, domin shi ne yake yanke abin da ake yabo da abin da ake kau da kai a kansa, kuma hadisi ya tabbatar da cewa kowane mai kiwo za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Saboda haka kai da Allah Ya ɗora a kan mutane, ko mutum uku ne, kafin ka rubuta takardar neman kwamfuta ka tambayi kanka: Yaushe rabon da in ce "ban sani ba" a gaban ma'aikatana? Na ware musu lokacin karatu a cikin lokacin aiki, har da mata? Wa nake turawa bita, wanda ya dace ko wanda nake so? Idan mutum ya gama kwas, ina ba shi minti ashirin ya koya wa sauran abin da ya samu? Ni kaina na yi kwas ɗin da hannuna?

Kai kuma ma'aikaci, ba sai ka jira ofis ya gyaru ba. Kar ka karɓi takardar da ba ka yi karatunta ba. Ka nemi mutum ɗaya mai niyya irin taka ku yi karɓa-karɓa. Idan ka iya, ka koyar.

Mu ma masu Islamiyyu da kwamitocin masallatai maganar ta haɗa da mu. Yau darussan Larabci da tajwidi da hanyoyin koyarwa suna nan a waya, wasu ma kyauta. Idan ƙaramin malami ya zo da abin da ya koyo, muna ba shi dama ya gwada, ko muna cewa yaushe aka haife shi?

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Jami'a ta zo Babura, 'ya'yanmu za su fito daga cikinta su shiga waɗannan ofisoshi da makarantu da asibitoci. Halin da suka tarar shi za su ɗauka, shi kuma za su miƙa wa na bayansu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga wanda ba ya amfani, Ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu a ɓoye da bayyane. Allah Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya sanya albarka a abin da muke ciyar da iyalanmu.

Wallahu a'alam.